Wa Ya Yanke Shingen Sabon Titi

Wani ya yanke sanduna huɗu daga shingen ƙarfen da aka kafa a tsakiyar sabon titi. Wani tela na unguwarmu ya bi ta kafar zai tsallaka, motar kaya ta buge shi, ya mutu nan take. Washegari 'yan sanda suka kama mai walda. Mai waldan nan mijin 'yata ne.

Ni mai bin sawu ne. Aikin da na gada ke nan, shi na yi har gemuna ya yi fari. A da, in aka yi sata a garin nan, ni ake fara kira kafin ɗan sanda. Ƙasa ba ta ƙarya. Amma yanzu ina ƙasar take? Hukumar gari ta ce za ta gyara tsakiyar gari. Ta rushe layin rumfuna, ta shimfiɗa kwalta hannu biyu, ta bi gefe da siminti. Motoci suka ƙaru kamar an fasa gidan tururuwa. Sai aka raba titin da shinge mai kai wa ƙirjin mutum, aka ce mai son tsallakawa ya hau gadar sama da ke can wajen tasha. Unguwa ɗaya ta zama biyu. Mutum yana shagonsa yana hangen ƙofar gidansa, amma sai ya yi gumi kafin ya kai.

'Yata Auta ta shigo da goyo a baya, ko zama ba ta yi ba.

"Baba, ranar Litinin za su kai shi kotu. Sun ce da hannunsa a mutuwar tela."

"Shi ya yanke?"

"Haba Baba!"

"Tambayarki na yi."

"Wallahi ba shi ba ne. Baki gare shi, amma ba shi ba ne."

Baki kam yana da shi. Ranar da aka kafa shingen, a gaban kowa ya ce sai ya yanke shi ya yi wa matarsa gado da ƙarfen. Ranar kowa ya yi dariya. Yanzu kowa ya tuna.

Na ɗauki sandata.

*

A ofishin 'yan sanda na sami Sajan, mutum mai hankali, na san ubansa. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo sanduna biyu aka ajiye a kan tebur.

"A bayan shagonsa muka same su, cikin tarkacen ƙarafa. Ya ce a hannun mai bola ya saya. Mai bola ya rantse bai taɓa ganinsu ba. To Baba, da kai ne ni, ya za ka yi?"

Na juya sandunan. Da zarton hannu aka yanke su, yankan ya karkace. Bakin ɗaya ya yi tsatsa ja wur, na ɗayan kuwa tsatsar ta soma kamawa ne kawai. Sawu yana tsufa, yanka ma haka. Ba rana ɗaya aka yi su ba.

Sajan ya ce shi ma ya lura. Amma mai walda yana da zarton hannu kamar kowa, kuma yana da wayon da zai ajiye inji don kada a ji ƙara.

"Ka ga mutanen can a bakin ƙofa? Yayan tela ne da 'yan'uwansa. Tun jiya suke nan. In na saki surukinka babu wani a madadinsa, ba zai kai gida da ƙafarsa ba. Kawo min wanda ya yi, in buɗe masa da hannuna."

Aka kai ni inda surukina yake. Yana ganina ya tsuguna a bayan ƙarfen.

"Baba, ina wuni."

"Kai ka yanke?"

"Baba, ni da nake da injin da zai cinye ƙarfen nan kafin ka gama atishawa, zan tsaya ina gurzarsa kamar ɓera?"

"Bakinka ne ya kawo ka nan."

"Na sani, Baba."

"To rufe shi har in dawo."

*

An tare kafar da ganga da igiya. Na tsuguna a wajen na daɗe, motoci suna hura min hayaƙi. Ƙafafun da suka bi ta nan ba su ƙirguwa, amma ko ɗaya ba ta bar min komai ba.

Mai aski yana ƙofar shagonsa yana kallona.

"Baba Mai Sawu! Me kwalta ta ce? Ko ba ta jin Hausa?"

"Ta ce kai ne. Saura in kira Sajan."

"Ni? Hannun da ya saba da kan manya? Shigo in rage maka gemun nan tukuna, in ya so a rufe ni."

Ban ba shi gemuna ba. Na tambaye shi yaushe kafar ta bayyana.

"Mun kwana da shinge lafiya lau, muka tashi da ƙofa. Duka huɗun rana ɗaya. Kafin azahar kowa ya gano ta. Mata masu kaya a ka, ma'aikatan asibiti, har ni ɗin nan. Wa zai hau matakalar can ga ƙofa a gabansa? Kusan mako biyu ana bi lafiya, sai ranar tela. Allah ya jiƙansa. Wandona ma yana wajensa bai gama ba."

Yanka daban-daban, cirewa rana ɗaya. Wato an yi ta gurzarsu kaɗan-kaɗan ana barinsu a tsaye, sai da aka gama duka sannan aka ɓalle. Mai aikin yana da haƙuri, kuma kullum yana zuwa wajen.

"Wa ƙofar ta fi yi wa amfani?"

Ya rage murya, abin da bai saba ba. "Ni ban ce komai ba. Amma asibiti yana wannan hannu, mai kemis yana wancan. Tun da aka yi shingen ƙuda yake kora."

*

Rabona da tsallake tun da aka kafa shingen. Gwiwoyina ba sa shiri da matakala, kuma ni ba na bin ɓarauniyar hanya. Ranar na hau gadar, na huta sau biyu.

Na tarar da mai kemis yana zuba magunguna a kwali.

"Baba, tun watan jiya na kama shago a jikin asibitin, fenti nake jira ya bushe. Me zan yi da ƙofa? Na ji daɗinta, ban musa ba. Amma mai tashi ba ya gyaran zaure."

Ban kula da bakinsa ba, hannunsa na kalla. Tafin nan ko murfin kwalba ya ƙi buɗuwa sai ya nemi taimako. Ba shi ba ne. Shi ya nuna min mai faci, wanda ke zaune daidai saitin kafar tun safe har dare, da zarto rataye a jikin bishiyarsa.

Na ɓata yini guda a kan mai faci. Na zauna nesa ina kallon yadda yake aiki da hannun hagu, babbar riga ta rufe na dama, na ce a raina yana ɓoye kanta ne. Da yamma ya gaji da kallona, ya taso ya yaye rigar. Hannun a naɗe yake tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu.

"Taya ce ta fashe min, wata biyu ke nan. Ko wando matata ke ɗaura min. In kana da wata tambaya ka yi, ka daina zama kamar mujiya kana kore min masu mota."

"Me ka gani?"

"Motoci. Me ake gani a nan in ba motoci ba?" Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Amma mai bola ƙarya yake. Ranar da ƙofar ta buɗe na gan shi da buhu a kafaɗa, tafiyar mai ɗauke da ƙarfe yake."

*

Na sami mai bola a bayan tasha yana ware gwangwanaye. Na zauna a kan dutse na sa masa ido. Mai gaskiya yakan tambayi lafiya. Shi bai tambaya ba, sai gumi.

"A gangar shara na tsince su," ya ce daga ƙarshe. "Wadda ke gindin gada. Cikin buhu, an ɗaure bakin tsaf. Biyu na kai wa mai walda, biyu wani ya saya. Baba, da na faɗa wa Sajan ni za a rufe. Wa gare ni a garin nan?"

Na tasa shi gaba har wajen Sajan, ya maimaita. Sajan ya ji, ya girgiza kai.

"Ya rage masa nauyi, amma bai sauke ba. Yayan tela zai ce kun saye shi. Kuma mutum yana iya jefar da abu da safe ya saye shi da rana. Suna nake so, Baba."

Gaskiyarsa. Na koma gida da abu ɗaya: wanda ya yanke ba ƙarfen yake so ba. Ƙofar yake so.

*

Asabar da sassafe, kafin motoci su yi yawa, na koma. Wannan karon ban tsaya a kafar ba. Na hau dandamalin simintin da shingen ke kai, tun daga gindin gada, na biyo shi a hankali. Mai bin sawu in ya rasa sawu, yakan koma baya ya ga yadda wuri yake kafin a taka shi.

Gindin shingen cike yake da datti. Yashi ya taru ya daskare, ga leda, ga guntun sigari, ga murfin kwalba. Masu sharar titi kwalta kawai suke sharewa, ba wanda ya ce su hau sama, kuma tsintsiya ba ta shiga tsakanin sanduna sai da wahala. Haka yake duk tsawon hanyar.

Da na iso kafar sai na tsaya. Tsakiyarta ƙafafu sun tattake. Amma gefe da gefe, a gindin sandunan da ba a yanke ba, inda ba mai takawa, simintin fes yake. Babu yashi, babu leda. A kusurwa, cikin ɗan ƙurar da ta rage, ga layin bakin tsintsiya.

Wanda ya gurza sanduna huɗu da zarto, dole garin ƙarfe ya zuba. In ya kwana raɓa ta taɓa shi, sai ya bar jan tabo a siminti wanda ko ruwan sama ba ya wankewa. Na duba da kyau. Babu tabo ko ɗaya. Duk ranar da aka yi yanka, a ranar aka share.

Ɓarawo ba ya shara. Surukina kuwa tun da ya buɗe shago tsintsiya ba ta san hanyarsa ba. Wannan hannu ne da ya saba, wanda ba ya iya juya baya ya bar datti ko da barin dattin ne zai rufa masa asiri. Kuma mutum ne da zai tsuguna a tsakiyar titi kowace safiya ba wanda zai dube shi sau biyu.

Na hango su suna tahowa, mata uku da rigar aiki mai ƙyalli. Kowace da yankinta. Na tambayi babbarsu yankin wa ke nan.

"Daga gada zuwa asibiti na Gwaggo ne. Yau ba ta fito ba, jiya ma da ƙyar ta gama. Ba ta da lafiya tun rasuwar tela."

Na sunkuya kamar ina gyara takalmi, don kada ta ga fuskata. A nan na ga baƙin layi biyu a jikin farin fentin dandamalin, inda tayar roba ta goga wajen hawa. Na ɗora sandata na auna tsakaninsu, na riƙe wajen da babban yatsa.

Da na san inda sawun nan zai kai ni, da na roƙi Allah ya rage min gani.

*

Gwaggo matar Direba ce. Direba abokina ne tun muna samari. Shekaru yana jan motar haya, kuma duk sanda sawu ya fita gari shi ke kai ni, yana zagina a hanya wai na fi kare hanci. Allah bai ba su haihuwa ba. Da matata ta rasu ta bar Auta tana rarrafe, Gwaggo ce ta goya ta har ta yi wayo. Shekara uku da suka wuce ɓarin jikin Direba ya shanye, magana ta ƙwace masa. Da aka buɗe sabon titi Gwaggo ta shiga aikin shara. Gidansu yana tsallake. Asibitin da ake yi masa gashin ƙashi yana wannan hannu.

Na sake hawa gada.

Ɗakin ɗaya ne. Gado a jikin bango da leda ƙarƙashin zanin gado, rediyo a kan taga, tsohuwar hularsa ta aiki a jikin ƙusa. Direba yana kwance, ya rame. Da ya gan ni rabin fuskarsa ya yi murmushi, ya yi wani sauti.

"Wai yau hancin ya tuna hanya," Gwaggo ta fassara. Ba ta yi dariya ba.

Keken da ake tura shi yana bayan ƙofa. Na ɗora sandata a kan tayoyin. Yatsana ya faɗa daidai.

Ta ga abin da na yi. Ta ajiye kofin da ke hannunta, ta zauna a bakin gado.

"Shara ce ta tona ni, ko?"

"Shara ce."

"Na sani. Kullum sai in ce yau zan bari, hannuna ya ƙi."

"Me ya kai ki?"

"Me ya kai ni? Ka taɓa hawa gadar nan da mutum a baya? Ni na hau. In goya shi in kai shi sama, in jingine shi da ƙarfe, in sauko in ɗauki keke. Ran nan kafin in dawo ya zame ya faɗi, fitsari ya ƙwace masa, mutane suna ratsa shi suna wucewa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kai mutane garuruwansu. Na je ofis, aka ce a yi haƙuri ana duba lamarin. Na gwada tura shi ta kan kwalta zuwa shatale-tale, madubin tirela ya cire masa hula. Likita kuma ya ce in aka daina gashin, ɗaya ƙafar ma za ta tafi. Kai da ka san komai, faɗa min hanyar da ban bi ba."



"Ƙofar mutum biyu na yi," ta ce. "Da sassafe mu wuce, kafin rana mu dawo. Ban gayyaci gari ba. Tela kuwa shi ya ɗinka wa Auta kayan aure. Tun ranar ban rintsa ba."

"Mijin Auta yana rufe."

"Ba shi ya yi ba. Za su sake shi."

"Ba za su sake shi ba. Litinin kotu."

Ta dubi Direba. Idonsa a buɗe, yana jin komai.

"In suka tafi da ni, wa zai juya shi? Wa zai gane abin da yake cewa? Kai? Rabonka da ɗakin nan yaushe?"

"Gobe da la'asar Sajan zai tara mutane a ofishin 'yan kasuwa. Ki zo. Ki faɗa da bakinki, ya fi sauƙi."

"In ban faɗa ba fa?"

Na ɗauki sandata. Direba ya yi wani sauti a bayana. Wannan karon ba ta fassara ba.

*

Ofishin 'yan kasuwa ɗaki ne mai benci huɗu da fanka da ba ta juyawa. Sajan ya kawo surukina da ankwa. Yayan tela ya zauna a gaba, mutanensa suka cika ƙofa. Ga mai aski, ga mai kemis, ga mai faci da hannunsa, ga mai bola a lungu. Masu shara uku suka zauna a bencin baya. Gwaggo tana tare da su, da tsintsiyarta a kan cinya. Auta ta je ta zauna kusa da ita, kamar yadda ta saba.

Na tashi. Ba na son doguwar magana.

Na ce mai kemis tashi yake, ba shi da buƙatar ƙofa. Mai faci hannu ɗaya gare shi. Mai bola tsintuwa ya yi, tsoro ya sa shi ƙarya. Mai aski kuwa in ba da baki ake yanka ƙarfe ba, ba shi ba ne.

"Allah ya saka, Baba," in ji mai aski. Ba wanda ya yi dariya.

Na ce an yi yankan kaɗan-kaɗan, kwanaki da yawa, a tsakiyar titi. Mai walda kowa ya san shi, kowa ya ji rantsuwarsa. Da ya tsuguna a wajen sau ɗaya, da an gan shi. Na ce an jefar da ƙarfen a shara, mai walda kuwa ko ƙusa ba ya yarwa. Na faɗi zancen garin ƙarfe da tabon da babu, da layin tsintsiya a inda ba a sa kowa ya share ba.

 Sai na ba Gwaggo lokaci. Na kalli fankar, na kalli bango. Ita kuwa kanta yana ƙasa.

"Tsoho," in ji yayan tela, "ƙanena ya bar 'ya'ya biyar. Ba tatsuniya na zo ji ba. In kana da suna ka faɗa. In ba ka da shi, ka zauna a kai wannan kotu."

Surukina ya ɗago ya dube ni. Auta ma ni take kallo, hannunta a kan gwiwar Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo ce."

"Baba!" Auta ta miƙe. "Baba, wace Gwaggo? Ka san abin da kake faɗa?"

Gwaggo ta kama zaninta ta zaunar da ita. Ta kwance igiyar da ta ɗaure gindin tsintsiya, ta zaro ruwan zarto daga ciki, haƙoransa duk sun cinye. Ta tako ta ajiye a gaban Sajan. Sannan ta durƙusa gaban yayan tela.

"Ni ce. Don in kai maigidana asibiti na yi. Ban nufi ƙanenka da komai ba, amma ni na buɗe hanyar da ya bi. Ba zan ce ka yafe ba."

Mutumin nan ya kwana huɗu yana jiran wanda zai shaƙe.  Ya dubi furfurar da ta leƙo daga ɗankwalinta.

"Gwaggo, ke kika zauna da matarsa ranar. Ke kika riƙe ta."

"Ni ce."

Ya rufe fuska da hularsa. Mutanen ƙofa suka soma zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Sajan ya cire wa surukina ankwa. Bai sa wa Gwaggo ba, amma ya ce dole ta bi shi, rai ya salwanta, maganar ta fi ƙarfinsa. Ta ce ta sani, ta zo da zani na biyu a jaka.

Kafin su fita ta juya ga Auta. Ni ba ta dube ni ba.

"Ki juya shi ɓangaren hagu kafin ki kwanta, in ba haka ba bayansa zai yi gyambo. Ruwa da cokali, a hankali, yana sarƙewa. In kina ba shi abinci kada ki kalli fuskarsa, ba ya so. In ya buga gado sau biyu, rediyo yake nufi."

Auta tana kuka tana gyaɗa kai. Mijinta yana tsaye a sake, ba ta ko waiwaye shi ba.

*

Litinin da safe ma'aikatan kamfani suka zo suka toshe kafar da sababbin sanduna, suka shafa fenti. Kafin azahar ba ka gane inda take.

Auta a gidan Direba ta kwana, amma tana da goyo da gidan miji, ba za ta ɗore ba. Na sa aka gyara ɗakin da ke kusa da nawa, aka sa katifa. Gidana a hannun asibiti yake, babu gada tsakani. Surukina ya samo tasi, muka zagaya ta shatale-tale muka tsaya a ƙofar gidan.

Direba yana zaune a kekensa, Auta ta sa masa riga mai tsabta. Fuskarsa tana kallon ƙofa. Ba mu yake jira ba.

Na tsaya a gabansa.

"Direba, na zo in tafi da kai gidana. Ɗaki na nan, asibiti kusa. Za ka zauna har ta dawo. Sajan ya ce za a duba shekarunta."

Idonsa bai bar ƙofa ba.

"Sawu ne ya kai ni. Ka san aikina. Da na yi shiru, da yaron nan yana kurkuku."

Surukina ya zagaya ya kama hannun keken zai tura. Direba ya sa hannunsa mai lafiya ya damƙe tayar. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, bakinsa ya yi ta rawa, miyau ya zubo a gefe. Auta ta matso da tsumma, ya kau da kai. Ya ɗago ya dube ni, ya haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fito sarai.

"Ba zan je gidanka ba."